Idon Da Ba Ya Kuskure Ƙwayar Zare

 A wannan wata za mu tattauna kan wasu yara da muke da su a zangunanmu na Salaga da Yendi da Bawku. Yaro ne ba ya son haɗa ido, magana ta yi masa nauyi, amma ya wuni yana jera duwatsu bisa tsari. Sau da yawa sai mu ce aljanu ne, mu ɓoye shi a ɗaki. Likitoci kuwa suna kiran wannan lalura otizim, kuma Leo Kanner na Amurka ya yi bayaninta tun 1943.

A 1983, Amitta Shah da Uta Frith a Ingila sun gano cewa irin waɗannan yara sun fi tsararrakinsu iya zaƙulo ƙaramin zane da aka ɓoye cikin babba. Temple Grandin, Ba'amurkiya mai wannan lalura, ta lura cewa inuwa ko ƙyallin ƙarfe na firgita shanu, ta gyara fasalin hanyoyin da ake kora su. Masu harkar kara a Bawku sun san darajar wannan.

Don haka wasu masana, irin su Penny Spikins ta Jami'ar York, suke hasashen cewa halin ya ɗore cikin bil'adama ne saboda amfaninsa: ayarin mafarauta na buƙatar mai gane sawu da ganyen magani. Hasashe ne, amma mu duba tarihinmu. Fataken goro a Salaga sun dogara da mai ware goron da tsutsa ta ci, kamar yadda masaƙin Yendi yake dogara da idon da ba ya kuskure ƙwayar zare.

Ba kowane yaro ne yake da wannan baiwa ba, wasu kuma suna buƙatar kulawa har girma. Amma ɓoyewa ba magani ba ce. Mu kai su asibiti a duba. Dokar naƙasassu ta Gana ta 2006 ta ba su haƙƙin karatu. Mu kuma gwada su a wajen tela ko masaƙi, domin kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa. Allah ya raya mana zuriya.