Daga Bakin Tafki: 'Yar Kawu da Jami'ar Coci

Wannan makon na so in yi muku hirar tsadar haya a nan Danau Kota, sai ga wata rigima ta ɓalle a zauren WhatsApp na gidanmu. Na ce bari in kawo ta gabanku, don na san da wuya a rasa irinta a gidan kowannenmu.

'Yar kawuna ce a Kano, yarinya mai ƙwaƙwalwa, burinta tun tana firamare ta zama likitar mata. Sau biyu tana zana JAMB, makinta ya yi kyau, amma gurbin likitanci a jami'ar gwamnati ya gagara. Da ma shirin Kawu shi ne ya turo ta nan Maleshiya wurinmu, to amma tun da aka saki naira a 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, maganar ta mutu murus. Sai wani abokinsa ya ba shi shawarar Jami'ar Bingham da ke Karu, kusa da Abuja. Kawu ya kira Babanmu, ya ce, "Yaya, me ka gani?" Kafin Baba ya buɗe baki, Gwaggo ta riga ta saki murya a zaure: "Makarantar coci? Da ranmu?"

Ga waɗanda suka tashi a waje irina, ga bayani a taƙaice. A 1999 aka ba jami'o'in kuɗi na farko lasisi a Najeriya, kuma biyu daga cikin ukun na Kirista ne, wato Babcock da Madonna. Covenant ta biyo baya a 2002. A 2005 cocin ECWA ta kafa Bingham, a shekarar kuma Musulmi suka buɗe Al-Qalam a Katsina da Al-Hikmah a Ilorin. Me ya sa kasuwarsu ta buɗe? Amsar tana bakin duk wanda ya yi zaman gida na wata takwas a yajin aikin ASUU na 2022, bayan na wata tara a 2020. Uba ya fi son ya ci bashi ya san ranar da ɗansa zai gama.

To a nan matsala ta farko take. An gina waɗannan makarantu da baikon talakawa ranar Lahadi da sadakar talakawa ranar Juma'a, amma ɗan talakan da ya ba da ɗari biyunsa sai dai ya leƙa ta ƙofa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma wannan a ƙasar da yara fiye da miliyan 10 ba sa zuwa ko firamare, akasarinsu a Arewa.

Matsala ta biyu ita ce ta fi damuna. Babanmu ya yi karatu a ABU Zariya, har yau yana waya da abokin ɗakinsa, wani Kirista mutumin Kagoro, wanda shi ke tashinsa sahur in barci ya sace shi. Yau fa? Yaro zai shiga makarantar masu addininsa tun daga nazare har digiri, a unguwar da rikicin Kaduna na 2000 ko na Jos na 2001 ya riga ya tace ta, ya fito bai taɓa cin tuwo kwano ɗaya da mai wani addini ba. Irin wannan yaron, duk abin da aka faɗa masa a kan ɗaya ɓangaren zai hau ya zauna.

Abin da ya ba ni mamaki, tarihinmu ba haka ya faro ba. Likitan farko ɗan Arewa, Dokta R.A.B. Dikko, Kirista ne da ya taso a hannun mishan ɗin Zariya, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, kuma sunansa ne a kan asibitin Barau Dikko na Kaduna. Farfesa Ishaya Audu, wanda ya yi makaranta a Wusasa, shi ya riƙe ABU daga 1966 zuwa 1975. Asibitin koyarwa na Bingham ɗin da ake rigima a kai kuwa, ai shi ne Jankwano na Jos, inda ake yi wa mata masu yoyon fitsari aiki, da yawansu Musulmi 'yan uwanmu daga ƙauyuka. Da na tuna wa Gwaggo wannan, ta ce, "Zuwa asibiti daban, zaman shekara shida daban, ɗan nan."

Kuma wallahi tana da gaskiyarta. Akwai jami'o'in addini da halartar ibada dole ne ga kowane ɗalibi. Uwa tana da haƙƙin ta tambaya: za a bar 'yata ta yi sallarta a kan lokaci? Hijabinta fa? Abincinta a watan azumi? Haka uwa Kirista take da haƙƙin yi wa jami'ar Musulunci irin waɗannan tambayoyi. Makarantar da ta ce tana son gyara ƙasa, a nan za a gane ta, wato yadda take riƙe ɗan da ba nata ba.

Nan ma inda nake, ba a tsira ba. Kusa da mu a Setapak ga jami'ar Tunku Abdul Rahman, wadda jam'iyyar 'yan asalin Sin ta kafa a matsayin kwaleji a 1969, ga Jami'ar Musulunci can Gombak, ga UiTM da aka keɓe wa 'yan ƙasa na asali. Kowa da rumfarsa. Amma kuma a cikin garin nan akwai St. John's, makarantar Katolika tun 1904, wadda manyan Musulmin Malay suka yi karatu a cikinta, suka fito da addininsu. Ashe ana iya zaman, in an shimfiɗa ƙa'ida kowa ya san iyakarsa.

Baba dai ya ce wa Kawu, "Ka daina yanke hukunci daga Kano. Ka ɗauki yarinyar da mahaifiyarta ku je Karu, ku tambayi hukumar makarantar baki da baki, ku nemi ɗalibai Musulmi ku ji daga gare su." Sun sa ranar tafiya. Gwaggo har yanzu ba ta sauko ba. Ita kuma yarinyar, wadda duk cikin rigimar nan babu wanda ya tambaye ta, ta turo min saƙo da tsakar dare: "Yaya, ni dai a bar ni in yi karatu."

Allah Ya zaɓa mata mafi alheri. Sai mako mai zuwa, in da rai da lafiya.