A daina sa malaman Arlit satar harshe a cikin aji

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin tagar aji a Arlit ko Akokan ya san yadda ake yi. Mushe, wato malami, ya rubuta lissafi a allo da Faransanci, ya tambaya ko an gane, yara su amsa baki ɗaya, alhali idanunsu na nuna ko kusa ba su kama ba. Sai ya waiga ƙofa, ya sassauta murya, ya maimaita bayanin da Hausa. Nan take hannuwa su tashi sama. Waigen nan ne ke ƙona mini rai. Mutum yana yin aikin da aka ɗauke shi dominsa, amma yana yi a ɓoye don kada sufeto ya riske shi.

Kuma ba don ba a sani ba ne. Tun 1973 Nijar ta buɗe makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida, aka fara da Hausa a Damagaram. Dokar ilimi ta 1998 ta amince a koyar da harsunan ƙasa. Shekara fiye da 50 ana kiran abu gwaji! A binciken PASEC na 2014, ko ɗaya cikin goma na yaranmu masu gama firamare bai kai matakin karatun da ake bukata ba. Waɗannan yara ba daƙiƙai ba ne. An ɗora musu koyon harshe da koyon lissafi a lokaci guda, sannan aka hana malami ya sauƙaƙa musu a fili.

To amma a Arlit akwai wani zaluncin a ƙarƙashin wannan, kuma mu Hausawa ba mu son jinsa. Garin nan yuraniyam ne ya haife shi, ya tara Abzinawa da Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Larabawa da Tubawa. Idan malamin da aka turo daga Maraɗi ya juya zuwa Hausa, yaron ɗan kasuwa ya samu sauƙi. Yarinyar da aka kawo daga zangon makiyaya, wadda Tamashek kaɗai take ji, fa? Faransanci ya wuce ta, Hausar ma ta wuce ta. Tana zaune a bayan aji shiru, ƙarshen shekara a ce ba ta da ƙwaƙwalwa, iyayenta su mai da ita kiwo. Wa ya taɓa tambayar malamin ko ya iya ƙirga ɗaya zuwa goma da harshenta?

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Na yi murna. Amma wallahi idan za mu yi wa ɗan Abzin da Hausa abin da aka yi mana da Faransanci, ba mu gyara komai ba.

Kuma ba arziki aka rasa ba: tun 1971 kamfanin SOMAIR ke haƙar yuraniyam a nan. COMINAK ma ta yi shekara fiye da 40 tana haƙa kafin ta rufe a 2021, ta bar wa Akokan tulin dattin ma'adini da magidanta marasa aiki. Arzikin da ya haska fitilun Faransa ya kasa cika ajujuwan garin da littattafan lissafi na Tamashek da Hausa. Yanzu da gwamnati ta karɓe SOMAIR, uzurin ya ƙare.

A faɗa wa malami a rubuce cewa sauya harshe halal ne, a koya masa lokacin da zai sauya da lokacin da zai koma Faransanci, domin sauyi barkatai ma yana barin yaro ba nan ba can ranar jarrabawa. A ɗauki 'ya'yan Abzin a horar da su su riƙe ajin CI da CP, wato ajujuwan farko na firamare. Sufeto kuma idan ya shigo, ya fara tambayar yarinyar da ke bayan aji abin da ta gane.