Wa ya ce maka haka Amurka take?

Labarai uku na karanta cikin fitowarmu ta watan jiya, duka a Niyok suke faruwa. Cikin guda, jarumin ya shiga kanti ya yi ta ciniki har aka rage mishi. Haba ɗan'uwa! Can farashi a rubuce yake, in ka zo biya ma sai a ɗora haraji bisa. In ka ci abinci a waje, mai hidima na jiran kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. In sun ce zafi ya kai 90, namu 32 ne kawai. Gaisuwarsu kalma biyu ce, suna yi suna wucewa, kai ko ka tsayar da Ba'amurke yana ina gajiya, ina iyali, sai ka ce kasuwar Dutsi.

Ni ɗan Lugu ne, shi ya sa abin ga ke mini ciwo. Fim ɗin Sarraounia na Med Hondo, na 1986, a Burkina aka ɗauke shi. Sarauniyarmu da ta tari Voulet da Chanoine a 1899, ga ta tana Julanci. Shekara nawa muna ƙorafin an ba ta bakin da ba nata ba? Yanzu mu ne ke yi wa wasu.

Ban hana kowa rubuta Amurka ba, amma kallon Netflix ba bincike ba ne. Ƴan Nijar na nan cike da Greensboro da Bronx. Kira ɗaya a WhatsApp, ka tambaye shi nawa yake biyan haya, ina yake sallar Juma'a, mi yake yi ranar da ƙanƙara ta toshe mishi ƙofa.