NAS ƊIN DA BA TA IYA CEWA A'A, YAYA ZA TA KARE ƊANKA?

Tun jiya nake ganin hotunan taron ƙaddamar da wani sabon binciken lafiya suna yawo a nan: farfesoshi, baƙi daga Turai, kowa da riga mai tambari, ana ta tafi. Na duba hotunan nan ciki da bai, ban ga nas ko ɗaya a teburin gaba ba. Shi ya sa na ce yau sai na yi magana, ko da za a ce na cika ƙorafi.

Shekara huɗu na yi ina aikin jinya a wurin gwajin magunguna. Ba zan faɗi asibitin ba, don ba can kaɗai abin yake ba. Mutane sun ɗauka nas ɗin bincike ta haye, dala take ci. Wace dala? Kwantiragin wata shida ne, in ya ƙare a sake duba ki. Babu fansho, babu inshorar lafiya, alawus kuma sai ranar da kuɗin masu tallafi suka sauka.

Wata Juma'a da yamma allura ta soki abokiyar aikina bayan ta ɗibi jini. Kowace nas ta san maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, kuma gara a awannin farko. Maganin yana kulle, mai makulli ya tafi gida, wayarsa a kashe. Haka muka yi ta zaga gari a Keke har dare. A ginin nan kuwa, firjin da ake ajiye jinin da ta ɗiba yana da janaretonsa shi kaɗai, in sanyinsa ya ragu ƙararrawa ke kaɗawa a wayar shugaba ko da tsakar dare ne. Kwalbar jini tana da gata, hannun da ya ɗibo shi ba shi da shi.

To, wani zai ce wannan matsalarku ce, ku da iyayen gidanku. A'a wallahi, taku ce.

Kafin a saka yaro a bincike, dole a yi wa iyayensa bayani su amince. Wa ke yin bayanin? Ba farfesa ba. Nas ce take zama da uwa, ga yaro a cinya jiki zafi rau, ga takarda shafi da yawa. Bayani na gaskiya yana cin lokaci: wannan gwaji ne, ga abin da zai iya faruwa, kina da ikon ƙi, kuma in kin ƙi za a duba ɗanki kamar kowa. Sau da yawa uwar ta ce sai ta tambayi maigida, kuma haƙƙinta ne. Amma ranar Litinin a mitin sai a ɗaga takarda a ce, "Sista, naki mutanen sun yi kaɗan fa." Kin san sabunta kwantiraginki yana rataye da adadin nan. Me kike tsammani zai faru? Bayani ya fara gajarta, har ya koma, "Mama, magani ne kyauta, dangwala nan."

Ni ma na taɓa yi. Sau ɗaya ne, saura mako biyu kwantiragina ya ƙare, kuma har yau fuskar matar nan ba ta bar ni ba. Yaron bai samu matsala ba, alhamdulillahi, amma ba amincewa na karɓa ba, dangwale na karɓa.

Mu a Kano ba sai an ba mu labari ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa, a gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka kurumce, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba su san gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, kuma nas-nas na gida sun yi wa iyaye bayani da Hausa, sun amince da baki. Ku lura da wannan: da magana ta kai kotu, a bakin nas aka ajiye ta. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Amma yardar jama'a ba a saye ta da kuɗi ba. Tunanin Trovan na cikin abin da ya rura wutar ƙin rigakafin shan inna a 2003, kuma a Fabrairun 2013 aka harbe masu aikin rigakafi tara a Kano. Ba waɗanda suka tsara wani bincike ne suka faɗi a ranar ba, masu aikin ƙasa ne.

Akwai kuma maganar rahoto. Ƙa'ida ce, in wani mummunan abu ya samu wanda ke cikin gwaji, a sanar cikin awa 24. Nas ce take fara gani, don ita ce a gefen gado. In ta san duk ranar da ta buɗe baki za a ce tana ɓata aiki, sai ta koyi shiru. Shirun nan kuwa yana shiga alƙaluma, alƙaluman su tafi a buga, a ce magani lafiya lau ne.

Kar a fahimce ni baibai, ba na adawa da bincike. A Kano ɗin nan aka yi nazarin da ya nuna amfanin maganin hydroxyurea wajen kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki, kuma na san gidajen da suka ga alherinsa. Na kuma san 'yan'uwana na ɗakunan kwanciya suna cikin wahalar da ta fi tamu, shi ya kai ƙungiyarmu ga yajin aikin gargaɗi a ƙarshen Yulin 2025. Amma su ana iya cewa gwamnati ba ta da kuɗi. Aikin bincike da kasafinsa yake zuwa. Akwai kuɗin otal, akwai na jirgi zuwa taro a Landan, akwai na fenti da allon sanarwa. Allurar kariya daga ciwon hanta, wadda sau uku ce kawai, ita ce babu gurbinta? Haba!

Tun 2007 Nijeriya take da kundin ƙa'idojin binciken lafiya, kuma ba a fara gwaji sai kwamitin ɗa'a ya sa hannu, in na magani ne har da NAFDAC. Ku da kuke zaune a kwamitocin nan, da ku nake. Kuna tantance kowace kalma a takardar amincewa, har fassarar Hausarta. Wadda za ta karanta takardar fa? Ku tambayi masu binciken mutum nawa za ta gani a rana, awa nawa za ta yi a tsaye, ina maganin kariya yake ranar Asabar da dare, kuma wa za ta kai wa ƙara ba tare da ta bi ta ofishin wanda ke sabunta mata kwantiragi ba. In kuka ga albashinta an ɗaure shi da yawan mutanen da ta shigar, dan Allah ku mayar musu da takardarsu su gyara kafin ku sa hannu.