Tayar da mota a kan hawa

A wannan mako zancen namu na masu mota ne, musamman waɗanda ke tuƙa motarsu da kansu.

Ana yawan cewa ƙasarmu ta Garagumsa shimfiɗaɗɗiya ce, don haka direbanta ba ya da bukatar sanin yadda ake tayar da mota a kan hawa. Wannan magana ba ta da tushe. Duk wanda ya taɓa fitowa daga hanyar ƙauye zai hau gudron a Takeita, inda hanyar Matamai ta rabu da babbar hanyar Zinder zuwa Maradi, ya san cewa gudron ta fi gefenta tudu, kuma dole ya tsaya daidai kan gangaren ya duba dama da hagu kafin ya shiga. Mota cike da buhunan gero ko wake, ga amalanke a bayansa, ga yara masu talla. Taku biyu kawai mota za ta koma da baya ta jawo abin da za a daɗe ana shari'a a kansa.

Na taɓa ganin wani ma'aikaci, mutum mai kamala, a irin wannan wuri cikin tsohuwar Peugeot 504. Mota ta mutu masa sau uku. A na huɗu ya ba ta wuta har ƙauri ya cika wurin, yana tsammanin injin ne ya gaza. Injin lafiyarsa lau. Abin da ya ƙone shi ne ambirayaj, wanda ƴan'uwanmu na Nijeriya ke kira kuloci.

Ya kamata a san abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙafar hagu. Tsakanin injin da akwatin giya akwai wani faifai mai fata a fuska biyu, wanda ake matsewa a jikin babban faifan ƙarfe da injin ke juyawa. In ka taka feda, sun rabu; in ka saki gaba ɗaya, sun haɗe suna juyawa tare. A tsakanin nan akwai wani ɗan wuri inda suka fara taɓa juna suna goga, kuma nan ne dukan sirrin yake. Ba a ganinsa, amma ana jinsa: muryar injin takan ɗan yi ƙasa, gaban mota ya ɗan ɗaga kamar doki ya ji linzami.

To, ga yadda ake yi. Ka ja birkin hannu sosai, ka taka ambirayaj har ƙasa, ka sa giya ta ɗaya. Ka ɗan ba ta wuta. In motarka tana da agogon juyin injin, wajen 1500 zuwa 2000 ya isa ga mai shan fetur, mai shan gazuwal kuwa ba ta ma bukatar haka, domin ƙarfinta yana zuwa tun injin na juyawa a hankali. Sannan ka ɗago ƙafar hagu sannu sannu har ka ji wurin nan da muka ambata. Ka tsai da ƙafa nan, kada ka ƙara kada ka rage, ka sauke birkin hannu. Sai mota ta fara tafiya za ka ida sakin feda. Mafi yawan masu kashe mota a nan suke kuskure: da sun ji ta motsa sai su ɗauke ƙafa farat ɗaya.

Akwai wata ɗabi'a da wasu direbobi ke alfahari da ita, wato riƙe mota a kan hawa da ambirayaj kaɗai, ba birki, suna jiran hanya ta buɗe. A ganina wannan ba gwaninta ba ce, ɓarnar dukiya ce. Duk daƙiƙar da faifan ya yi yana goga, fatarsa ce ke cinyewa, kuma kafin makanike ya canza shi sai ya sauke akwatin giya dungum, motar ta kwana a gareji, ɗan kasuwa ya rasa cin kasuwarsa.

Sai dai dabarar da muka faɗa tana wurin wanda birkin hannunsa ke kamawa, alhali da yawa cikin motocinmu wayarsa ta daɗe da saki. Gyaranta ba shi da wuya. Kafin a gyara, a yi abin da direbobin manyan motoci suka saba: yaron mota ya sa waigi ko dutse a bayan taya, ya tsaya daga gefe, ba daga baya ba.

Hawan rairayi kuwa hukuncinsa dabam ne. In taya ta fara juyawa wuri ɗaya, ƙarin wuta rami kawai yake haƙa maka. Ka koma da baya bisa sawunka zuwa inda ƙasa ke da tauri, ka ɗan rage iskar tayoyi, ka taho da ɗan gudu ba tare da ka taɓa ambirayaj a tsakiyar hawan ba. Da ka hau gudron, ka nemi mai faci ya mayar maka da iskar.