Allurar da Ake Cewa Ta Kori Wuƙar Likita

A wannan wata za mu taɓo wani labari da ke yawo a majalisu, wai Turawa sun gano allurar da ke warkar da ciwon dajin hanji ba sai an yi wa mutum aiki ba. Da gaskiya a ciki, amma an zuba mata gishiri.

Ga yadda abin yake. A shekarar 2022 likitocin asibitin Memorial Sloan Kettering da ke Amurka suka ba da labarin mutum 12 masu ciwon daji a dubura, wato ƙarshen babban hanji. An riƙa ɗura musu wani magani mai suna dostarlimab ta jijiya, sau ɗaya kowane mako uku, har wata shida. Da aka duba, ciwon ya ɓace a jikinsu duka. Shi maganin ba ya kashe ciwon da kansa. Ciwon daji kan ɗaure hannun sojojin da ke tsaron jiki, to kwance su maganin yake yi, su kuma su far masa. A 2025 likitocin suka kawo sakamakon mutum 103 da suka gama karɓar maganin, har da masu ciwon a tumbi da maƙogwaro, 82 daga cikinsu ba a yi musu aiki ba. Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa mai bahaya a leda ta gefen ciki ya san girman wannan.

Sai dai ba kowa maganin ke yi wa aiki ba. Cikin masu ciwon dajin dubura 100, kamar 5 zuwa 10 ne kawai ke da irin wanda yake ji, kuma sai an yanki ɗan nama an gwada kafin a gane. Ga tsada. A 2022 ɗuri ɗaya ya kai wajen dala 11,000, ga shi sau tara ake yi. Mu masu riƙe alli ko lissafin ba mu so mu yi.

Abin da ke ba mu tsoro shi ne halinmu. Da ma mutum kan ga jini a bahaya ya ce basir ne, ya shekara yana shan jiƙo. Yanzu kuma ga sabuwar hujja, a ce da shi ya yarda a yi aiki, ya ce allurar Amurka yake jira. Wanda aka gano masa ciwon yana iya tambayar likita ko nasa irin wancan ne. In aka ce ba shi ba ne, ya sa hannu a yi aikin tun ciwon bai kai hanta ba.