Juvenal Ya Samu Mai Fassara, Maroƙin Ƙonni Bai Samu Marubuci Ba

A shekarar 1770 aka buga fassarar Faransanci da Jean Dusaulx ya yi wa waƙoƙin zambo 16 na Juvenal, mawaƙin Rum, a birnin Paris, tare da matanin Latin da bayanai masu yawa. Tsohon bugu ne da masu tara littattafai ke ji da shi, kuma duk malamin adabin da ya yi karatun Faransanci ya san darajar sunan. Sai dai malamin nan, idan ya ji maroƙi yana zambo a kasuwar Birnin Ƙonni ko a filin kokowa, yakan kau da kai ya ce shashanci ne. Wannan baki biyu ne, kuma ya kamata a faɗa.

Me Juvenal ya yi wanda maroƙi bai yi ba? Ya caccaki marowata, ya tona asirin maciya amana, ya yi wa Sarki Domisiyan ba'a a kan tara majalisa don shawarar yadda za a dafa wani ƙaton kifi. Amma sai da aka kashe sarkin a shekarar 96 bakinsa ya buɗe, kuma shi da kansa ya nuna cewa matattu zai taɓa. Makaɗin fada kuwa mai rai yake yi wa zambo, ɗan sarkin da ke hanƙoron gadon sarauta, sau da yawa yana zaune yana ji. Wa ya fi ƙarfin hali?

Abin da ya raba su alƙalami ne. An yi ta kwafe Juvenal da hannu fiye da shekara 1,000 kafin injin ɗab'i ya karɓe shi. A tsallaken iyaka, jami'ar Sakkwato ta nazarci waƙoƙin Narambaɗa da Ɗanƙwairo. Zambon Ƙonni da Malbaza da fadar Sarkin Adar a Illela kuwa yana tafiya kabari tare da tsofaffin da suka haddace shi.

Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, don haka uzuri ya ƙare. Aikin da ke gaban malamai da ƙungiyoyin al'adu a fili yake: su ɗauki muryar maroƙan da suka rage, su rubuta zambon da karin harshen Adar yadda aka faɗe shi, su bayyana wanda aka yi wa da dalilin yinsa. Kada kunya ta sa a tace shi, domin zambon da aka cire wa dafi ya zama kirari.